Rabin Jirgi da Fentin Hanjin Kifi

Doña Zoila, ki taimake ni, gidana ya rabu biyu.

Kai, ilimi abu ne mai daɗi! Ƙuruciyata duk a kasuwar kifi ta Chimbote ta ƙare, ina feɗe kifi ina zubar da hanji da ɓawo, don 'yata Nélida ta yi jami'a ta huta da ƙarni. Ta gama lafiya, sai ga ta da bokiti tana roƙon hanjin da nake zubarwa. Wai in an tace man da ke ciki an haɗa da garin ɓawon, yana zama fentin da ke hana tsatsa cin ƙarfe.

Ubanta Fermín yana da ƙaramin jirgin kamun kifi na ƙarfe, wanda ruwan gishiri ke gaigaya kowace shekara. Ta lallaɓe shi ya ba ta gefen hagu ta shafa nata, aka bar dama da fentin kanti. Ya yi alkawarin ba mai taɓawa sai malamanta sun zo a watan Satumba sun gwada. Dama shuɗi ne mai sheƙi, nata kuwa launin ruwan wanke-wanke, ga ƙarnin kifi. Abokansa a tasha kullum sai sun tambaye shi ko da lemun tsami ake cin jirgin, kuma wai ya riƙa ɗaure shi nesa saboda kyanwoyi.

Yana ta haɗiyewa, sai kwamitin biki ya zaɓi jirginsa ya ɗauki siffar San Pedro, waliyyin masunta wanda shi ma masunci ne a da, a zagayen teku na ƙarshen Yuni. Mahaifinsa har ya rasu yana jiran wannan rana, bai samu ba. Yanzu Fermín ya sayo gwangwanayen shuɗi ya tura ƙarƙashin gado, yana zaton ban gani ba. Ya ce ba zai kai waliyyi gaban gari cikin tsumma ba. Ita kuma ta ce ranar da buroshi ya taɓa gefen hagu, wahalar shekararta ta bi ruwa, kuma za ta tattara ta koma birnin Lima inda ta yi karatu.

Ni dai mai kasuwa ce, ba na yarda da kaya sai na taɓa. Na je na kankare gefen biyu da wuƙata. Gefen dama ya fara jan tsatsa a mahaɗar ƙarfe, hagu kuwa ko ɗigo. Ban gaya wa kowa ba: ita kanta zai kumbura, shi zai ce na ɗauki ɓangare. Yaya zan yi?

Mai teburin bakin ƙofa

'Yar'uwa,

Wuƙarki ta riga ta yanke hukunci, bakinki ne ya ƙi sanarwa. Shirun nan ba adalci ba ne, dabarar kasuwa ce, kuma gida ba a cinikinsa.

Fermín ba sakarai ba ne. Burin mahaifinsa yake ɗauke da shi, ga dariyar abokai da ya sha shi kaɗai. Nélida ta yi kuskure da ta ɗauki jirgin kamar kwanon gwaji, ta manta mutuncin mutum ne. Ta je ta gode masa, da bakinta. Amma alkawari ya yi, kuma biki yana zagayowa, gwajin da aka shafe kuwa sai a faro daga tushe.

Ki kai shi tasha, ku biyu kawai, ki miƙa masa wuƙar ya kankare da hannunsa. Masunci ya fi yarda da abin da hannunsa ya gano. Sannan Nélida ta tambayi malamanta iyakar wurin da ba a taɓawa. Sauran, da ɗakin tuƙi da bakin jirgi, su sha shuɗi, ita ce ma za ta riƙe buroshin. Gefen hagu a sakar masa furanni da tutoci, kamar yadda ake yi wa kowane jirgi ranar.

Ya kuma sanar da kwamiti tun yanzu, kada su ji a bakin 'yan tsegumi. In sun ƙwace zaɓin, zai yi zafi, ba na ɓoye miki. Sai dai ya fi sauƙi a kan kujerar 'yarku ta zauna wayam a teburin cin abinci.

Allah ya daidaita ku, ya sa ku ga biki lafiya, ku ga Satumba lafiya. In kuma Fermín ya nace cewa waliyyi zai ji kunya, ki tambaye shi a hankali: San Pedro ɗin nan, kafin ya zama waliyyi, turare yake sayarwa?

Doña Zoila