Ɓawon Mangwaron Korotimi

Orodara, 4 ga Mayu

Siyaka Jara, abokin wasana, bawana mai cin wake,

Bayan gaisuwa, ya gona, ya matarka Sita da yara? Yau ba wasa ya kawo ni ba. Ɓawon mangwaro ya yi tsauni a bayan masana'antarmu ta busar da mangwaro, ƙudaje sun hana maƙwabta sakat. Hukuma ta ba mu mako biyu: ko mu kwashe, ko ta rufe mu. Mata sittin ke cin abinci a nan. Wani malamin gona ya ce in an haɗa ɓawon da kashin shanu, busasshiyar ciyawa da toka a rami, taki yake zama. Ka shawo mini kan manomanku su zo su kwashe shi.

Ka huta lafiya,
Korotimi Tarawure

Kurinyon, 8 ga Mayu

Korotimi,

Muna lafiya. Shekara uku ba ko wasiƙa, ranar da kika tuna da ubangidanki kuma shara kika aiko masa! Na tara mutane a gindin kuka. Tsoho Adama ya ce, "Mu kwaso ƙuda da hannunmu mu kai wa bishiyoyinmu?" Malamin naku ya zo, ya ce zafin ramin zai kashe tsutsa. Matanmu ne suka fara yarda. Amalanke tara za su iso ranar kasuwa. Don matan nan sittin na yi, ba don ke ba.

Siyaka

Orodara, 2 ga Yuni

Siyaka,

Ina gaisuwa. Jami'in hukuma ya zo, ya zagaya yana shinshina kamar akuya, bai sami komai ba, har ya tafi da ƙullin busasshen mangwaro. Ba za a rufe mu ba! Jiya mata suka yi ta rawa a tsakar masana'anta. An ce Adama ya cusa hannu a rami ya yi ihu, wai an dafa shi. Gaskiya ne? Allah ya saka.

Korotimi

Kurinyon, 10 ga Oktoba

Korotimi,

Gaisuwa. Zan faɗa miki abu, ki riƙe bakinki. Ban yarda da takinki ba, sai na bar wa Sita ta zuba a 'yar gonarta, ni na sa na kanti. Yanzu masararta goyo bibbiyu, tawa kamar mai jinya. Kullum in ta ajiye mini tuwo sai ta ce, "Ci, maigida, na gonata ne."

Ki ajiye mini amalanke goma na farko baɗi. Kada Sita ta ji.

Naki,
Siyaka