Baitin da Habu ya cire

Haɗeja, daren Jumma'a, sha biyu ga watan Mauludi

Na kasa barci. Yau a zauren Liman aka rera waƙar begen Annabi da na yi wata uku ina tsarawa, amma ba da bakina ba. Habu ɗan Liman ne ya ce in ba shi ya rera, tunda muryarsa ta fi tawa. Na yarda, don shekara goma muna ɗaukar karatu a tabarma ɗaya.

Ya rera duka, ban da baitin ƙarshe, inda mai waƙa ke faɗin sunansa da na mahaifinsa. Yana zuwa nan ya shafa fatiha. Ina zaune bakin ƙofa wajen takalma, ina ji ana cewa yaron ya gaji gidansu.

Da aka watse na tare shi. Ya ce, "Malam Sule, asiri na rufa maka. In suka ji ɗan makaɗin masunta ne ya tsara ta, cewa za su yi roƙo ne, su jefo maka goro." Har da dafa mini kafaɗa.

Watakila gaskiya ya faɗa. To ai da ya bari sun faɗa da bakinsu.

Bai san karin waƙar daga gangar Baba na ɗauko shi ba, kiɗan da yake wa masunta in za su faɗa kogi. Yau na ga malaman da ke toshe kunne in Baba ya wuce suna kaɗa wa kiɗansa kai, har da hawaye.