Kwana Ukku da Ɗan Fari

Jiratawa,
3 ga Oktoba 1994

Zuwa ga Yayata Zuliha, unguwar Zariya, Maraɗi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar ga ta iske ki lafiya, ke da maigida Maman Lawali da yara duka. Yaya ciwon ƙafar? Mu nan lafiya lau, an shiga girbin gero, maigidana Malam Idirisa yana gaishe ku.

Dalilin rubuto miki, ina so ki ji magana daga gare ni kafin 'yan kasuwa su kawo miki ita da gishiri. Mako mai zuwa zan shigo Maraɗi in yi kwana ukku, ni da ɗiyata Rahma da yayanta. Ba wanda ya rasu, ba wadda ta haihu, ba kuma asibiti za mu ba. Yawo za mu yi. Tun da na faɗi haka matan unguwa ke zaryar gidana, kowacce da tambayarta, wai wa ke barin Jiratawa ya kwana Maraɗi, garin da mai keke ke zuwa da safe ya dawo ya iske tuwonshi da zafi? Na ce musu ni ce, Baturiya.

Kin dai ji an ɗauki yaron ga, yayan Rahma, soja. Shekara biyu lakwal na tashi a banza, yau malamai na yajin aiki, gobe ɗalibai, har ya gaji ya je ya ba da kanshi. Ƙarshen wata za su tafi, kuma kin san inda ake kai sababbin soja yanzu, arewa, inda ake wuta. Kafin nan ina so in zauna da shi.

Shirin tafiyar kuwa ya kusa tsufar da ni. Rahma, da shekararta goma sha biyar, tana son sinima, tana son ƙanƙara mai zaƙi, tana son a ɗauke ta hoto gaban labule mai jirgin sama, kuma kullum sai ta canja zanen da za ta ɗaura. Shi kuwa na aike ta ta tambaye shi abin da yake so ya gani, ya ce duk ɗaya ne, shi ba inda bai sani ba a Maraɗi.

Ga abin da na san zai ɓata miki rai, Yaya. Ba gidanki za mu sauka ba. Wata abokiyar aikina ta yaƙi da jahilci ta tafi Yamai wajen danginta tun da aiki ya tsaya, ta bar mini mabuɗin ɗakunanta a Sabon Gari. Can za mu kwana, inda ba wanda ya san mu. Don Allah kada ki faɗa wa kowa. Kin san danginmu, in na fara gaisuwa daga gidan Kawu, kwana ukkun za su ƙare ban gama da 'yan Zariya ba, balle in ga fuskar wanda na zo dominshi.

Ki shafa mini kan Khaulat da ƙannenta.

Ƙanwarki,
Baturiya

Jiratawa,
7 ga Oktoba 1994

Zuwa ga Yaya Zuliha.

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan kun tashi lafiya da mutanen gida. Amsarki ta iso hannun Sha'ibu mai kabu-kabu, na karanta, na kuma gode da zagin.

Na ce kada ki faɗa wa kowa, to sannunki da riƙon amana. Zuwa jiya an kawo mini kaji biyu in kai wa Kawu, da ƙullin daddawa na Gwaggo, da gaisuwar mutuwa har gida huɗu waɗanda ban ma san mamatan ba. Duk na mayar wa masu su. Sha'ibu na nan, sana'arshi ke nan.

Kin ce gari ba lafiya, ana zanga-zanga, ana ƙona tayoyi. Na sani. Wanda za a kai bakin bindiga ne zan ɓoye wa hayaƙin taya? Kin kuma ce mace ta shigo garin da take da 'yar'uwa ta kwana ɗakin baƙuwa abin kunya ne, Maman Lawali ba zai iya ɗaga kai masallaci ba. To tunda kin ambaci kunya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in yi miki maganarta.

Shekara goma sha tara ke nan da na haifi yaron ga, kuma bakina bai taɓa kama sunanshi ba. Yaron ga, wancan, yayan Rahma, shi ke nan. Ina yaye shi aka ɗauke shi aka kai Tsibiri wajen kakarshi, kamar yadda ake yi da ɗan fari, ban ce uffan ba. Ita ya kira Inna har Allah ya karɓi abarshi bara. Ni kuwa Baturiya yake ce mini, kamar wata 'yar maƙwabta. Kin tuna bikin Tasalla, ranar da ya faɗo daga kan katanga ya fashe goshi? Ina daka, na ji kukanshi, ban ko waiwaya ba, ke kika ɗauke shi. Tsofaffi suka yi ta sa mini albarka, wai ba a taɓa ganin mai alkunya irina ba. Na sha yabo a ranar, amma geron da na daka ya koma gari tun ba a so ba.

Ba na cewa Innarmu ta koya muna mugun abu. Haka ta yi da ke, haka uwarta ta yi. Sai dai su 'ya'yansu suna girma a gabansu, suna tsufa a gabansu, ɗa yana da shekaru da yawa da zai gane abin da ke ƙarƙashin shirun. Nawa bai da su. Ranar da ya zo da labarin sojan, ubanshi ya faɗa wa a zaure, ni ya gaishe ni daga bakin ƙofa ya wuce. Daga baya Rahma ta ce ta tambaye shi don me bai shiga ya gaya mini ba, ya ce ai Baturiya ba za ta ma lura ba ya nan ba.

Yaya, maganar ga ta zauna mini a ƙirji, ta hana ni cin tuwo. Ina son yaron ga so wanda ban yi wa kowa ba, kuma bai sani ba. In ya tafi da wannan a zuciyarshi wani abu ya same shi, alkunyar ce za ta yi mini ta'aziyya?

A nan Jiratawa ba zan iya ba, ko bango ya san ni. A gidanki ma ba zan iya ba, ina buɗe baki za ki kalle ni da idon Inna. Shi ya sa nake son inda ba idon sani. Da na gaya wa Malam Idirisa, ya ce mu je, shi zai ji da masu magana. Wanda ya aje ni ya yarda, saura kuwa su sha ruwa.

Jibi za mu shigo. Kada ki aiko da abinci.

Taki,
Baturiya

Sabon Gari, Maraɗi,
11 ga Oktoba 1994

Yayata Zuliha,

Gaisuwa da fatan alheri, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ga ni cikin garinku ina rubuto miki kamar daga wata ƙasa. Kwanon shinkafar da kika aiko duk da na hana ya iso, mun cinye, Allah ya saka. Yadda kika gano ɗakin kuwa, ke da Sha'ibu, Allah ya shirye ku.

Ranar farko ba ta yi daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba. Shi yana gaba hannu cikin aljihu, Rahma na tsakiya tana ta zuba, ni ina baya kamar mai rakiyar amarya. Mun sha ƙanƙarar, mun ci tsire, an ɗauki hoton. Mai hoto ya ce in matsa kusa da ɗana, na matsa, kafaɗata ta taɓa tashi, duk muka sandare kamar an dasa mu. Yini guda ina cewa Rahma ki ce ma yayanki, yana cewa ki ce mata. Ashe abin da na gudo dominshi ya biyo ni cikin mota.

Jiya na yi niyya tun daga sallar asuba. Muka shiga babbar kasuwa wajen 'yan takalma, ya yi gaba cikin mutane da 'yan kabu-kabu. Na tsaya, na cika ƙirji, na kira sunan. Da ƙarfi na kira, Yaya, har wani mai goro mai irin sunan ya amsa mini yana tambayar na nawa zai ƙulla. Yaron ga bai waiwaya ba. Na sake kira, ya ci gaba da tafiyarshi. Ba taurin kai ba ne, ya ji, amma bai san da shi ake ba, don bai san yadda sunanshi yake a cikin muryata ba. Rahma ta fara dariyar mai goro, da ta ga fuskata ta haɗiye ta.

Kafin azahar 'yan zanga-zanga suka taso, aka fara rufe rumfuna, jandarma suka tare hanya. Sinimar Rahma ta sha ruwa, ta yi ta kumbura. Muka koma ɗaki, na dafa wake da shinkafa, na zuba a kwano ɗaya na aje tsakiya. Ya tsaya yana neman nashi kwanon. Na ce mishi ya zauna, da shi nake. Ban bi ta bakin Rahma ba, ban kalli bango ba, idonshi na kalla. Na gaya mishi ni ce na kira shi a kasuwa. Na gaya mishi na san ranar da haƙorinshi na fari ya fito, na san ba ya cin kuka, na san tabon goshinshi ya fi duhu in ranshi ya ɓaci, kuma duk damina fura mai yawa da ake aika wa Tsibiri ba don tsohuwa nake dama ta ba.

Ya yi ta juya loma ɗaya a hannu. Rahma, Allah ya yi mata albarka, ta tuna tana da wanki a waje. Can ya roƙe ni in sake faɗin sunan, wai don ya riƙe yadda yake. Na faɗa. Wannan karon ya amsa.

Yau shi ke jan mu yawo. Wanda ya ce duk ɗaya ne ya nuna mini lakwal ɗinsu, da icen da yake zama ƙarƙashinshi, da mai ƙosan da ke ƙara mishi gyara. Tafiyarshi ta rage sauri, ni ma tawa ta ƙaru. Gobe da safe za mu koma gida, ba mu gaida kowa ba.

Ƙanwarki,
Baturiya

Jiratawa,
2 ga Nuwamba 1994

Zuwa ga Yaya Zuliha.

Bayan gaisuwa, ina fatan kun koma gida lafiya ran nan, da fatan Maman Lawali ya huce. Mu muna nan, an gama ɗaurin gero, gida ya yi muna faɗi.

Saƙonki ya iso, cewa Kawu ya yi fushi, Gwaggo ta ce boko ya cinye mini kunya, kuma ya kamata in zo in bi gidaje in ba da haƙuri. Gaisuwar da ban yi ba zan zo in yi ta, haƙƙinsu ce, har da kaji. Amma abin da ya faru a tasha ba zan ba kowa haƙuri a kanshi ba.

Kina wurin, kin gani. Dangi sun cika, na Tsibiri da na Zariya, kowa na yi mishi addu'a, ni an tura ni baya can wajen masu lemu, inda uwar ɗan fari ke tsayawa ta yi kamar rakiyar ɗan wani ta zo. Da babbar motar sojan ta tashi, ba ruɗewa na yi ba kamar yadda kike gaya wa mutane don ki rufa mini asiri. Da hankalina na ratsa maza na fito gaba, na kira ɗana. Cikin ƙarar mota da kukan mata da sunaye barkatai da ake ta kira, ya juyo tun a kira na fari. Kin ji abin da ya amsa da shi, don na ga kin kai gefen mayafi baki. Inna ya ce.

Ban san ranar da zai dawo ba, ban san yadda zai dawo ba, wannan na Allah ne. Ina jin tsoro, kullum rediyo na kunne ina kasa kunne ga labarin arewa. Amma duk inda yake, ya san akwai wadda ta lura ba ya nan.

Ke kuma, Yaya, Khaulat, ɗiyarki ta fari, tana nan tsakar gidanki tana yi miki shara, shekara ashirin kina ce mata ke yarinya. Ba soja za ta ba, amma ba za ta dawwama gabanki ba. Ki bari sai gida ya yi shiru ki gwada sau ɗaya. Ni na yi a gaban Maraɗi duka, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Hoton ya fito, Sha'ibu zai kawo miki ɗaya. Duk mun yi kamar an kama mu da sata, amma muna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ki sa shi cikin addu'arki, da sunanshi.

Ni ce ƙanwarki,
Baturiya, uwar Zakariya'u