Rumfar da Na Ɗinka wa Jirgin Ummi

Jirgin Ummi ya miƙe, Hajiya. Jiya Juma'a da hantsi ta sa shi a Kogin Nilu, ya tafi sak bai karkata ba, ni kuwa ina bakin ruwa ina share ido da hannun riga.

Assalamu alaiki. Na sha gaban gaisuwa, ki yi haƙuri. Shekara huɗu ke nan da muka kai ki makwancinki a Yawuri, shekara uku da ɗanmu Bashir ya kawo ni Alƙahira aikin ido, ya kuma hana ni komawa. Da hannuna nake rubuta miki, da rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci bayan na yi furfura. Bashir zai sa a shafinsa na intanet, don ina so mutane su ji wannan daga bakina.

Jikarki Ummi, takwararki, ta kai shekara sha shida. Ta shiga wani kulob a Dokki inda ake tuƙa ƙaramin jirgin roba na mutum ɗaya, kayak suke ce masa. Da gari ya rikice a bazarar nan aka rufe kulob, sai mai koya musu, wanda suke kira Kyaftin, ya ba ta ajiyar jirgi ɗaya. Cikin yaran duka ita ya amince wa. Da igiya aka ja shi saman benenmu a Ard al-Liwa, hawa shida, aka ɗora shi kan bulo biyu.

Kin san yadda muke yi a gida. In an fito da jirgin katako tudu, cika masa ciki ake yi da ruwa don kada rana ta tsaga shi. Haka na ga Baba yana yi, haka na yi shekara arba'in. Da na ga ranar Masar tana dukan jirgin nan, sai ya ba ni tausayi. Ummi ta tafi kwana bakwai wajen ƙanwar uwarta a Darrasa. Na ja tiyo daga tanki na cika shi fal, na lulluɓe da baƙar leda, na ɗaure tam. Ban gaya wa kowa ba. So nake ta dawo ta ga kakanta ya san ruwa.

Bayan kwana biyar na buɗe. Ruwan ya yi zafin da za a dama koko da shi. Roba ta yi laushi, nauyi ya danne ta, bulon nan biyu sun lotsa gindin jirgi, tsakiyarsa ta sauko kamar tumbi.

Abin da na yi bayan nan ya fi ɓarnar muni. Na kwashe ruwan, na ninke ledar na tura ƙarƙashin katifata. Da Ummi ta dawo ta gani, a ƙasa ta zauna, tana cewa ita ce ta bar amanar mutane a rana. Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Ta daina tsokanata da kirana mijinta marar haƙori. Ina zaune kusa da ita ina ce mata ma'alish, wato ta yi haƙuri, alhali ledar tana ɗakina.

Kin sha gaya mini, "Malam, ka tambayi mutane mana kafin ka sa hannu." Muryarki ta hana ni sakat. A rana ta huɗu na ji tana shirin kiran Kyaftin ta ce masa ba za ta ƙara zuwa ba. Na ɗauko ledar na ajiye a gabanta, na faɗi komai a gaban ubanta da uwarta. Ta dubi ledar, ta kau da kai. Da ta yi mini faɗa da ya fi sauƙi.

Ni na karɓi wayar, na yi wa mutumin bayani da gurgun Larabcina. Ya ce a riƙa zuba ruwan zafi a kan lotsawar ana dannawa daga ciki da buhun yashi. Kwana shida ni da Ummi muna hawa da buta, tana gaba ina baya. Ban da "kawo" da "riƙe" ba ta ce mini komai.

Na tambayi Kyaftin kuma abin da jirgin roba yake so. Ya ce inuwa da iska, kada a manna masa komai a jiki. Na je wajen masu ɗinkin tanti na samo farin yadi mai kauri. Na lanƙwasa bututun ruwa huɗu, na kafa ƙafafunsu cikin gwangwanaye cike da yashi saboda iska. Na bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin yadi da jirgi, baki biyu a buɗe. Bulo kuwa na kawar da su, yanzu a gefensa yake kwance kan ɗamara biyu masu faɗi.

Wajen ɗinki zura zare a basilla ya gagare ni. Ina ta fama, sai na ga hannu ya karɓa. Ummi ce. Ta zura, ta miƙo mini, ta dubi aikin ta ce, "Kaka, ɗinkinka ya karkace." Ta zauna ta riƙe mini bakin yadin har muka gama. Ranar na ci tuwo na ƙoshi.

Jiya Kyaftin ya shafa gindin jirgi ya ce tamam, wato ya yi daidai, ya ce ta ci gaba da ajiye shi. Akwai ɗan tabo da ya rage kamar tafin hannu. Shi bai damu ba, amma ni kullum na hau sai idona ya je wurin, kuma sai na tuna kwana ukun nan.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki. Ya yafe mini shirun da na yi, Ya tsare yarinyar nan a ruwa da tudu. Amin.

Mijinki,
Malam Garba

Ku kuma da kuke karantawa, 'yan Darrasa da maƙwabtanmu na Ard al-Liwa, ku zo bayan La'asar ku ga rumfar. Hawa shida ne da ƙafa, amma akwai shayi a sama, kuma Ummi za ta nuna muku inda ɗinkin ya karkace.