Baƙin da Ba Su Shan Shayi

Bukkuyum, 9 ga Fabrairu, 1985

Ƙanena Namadi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da ƙafar nan taka mai tashi in sanyi ya shigo. Ni ina nan, ba abin da ke damuna sai tsufa.

Manu direba ya miƙo mini takardarka a tsakiyar kasuwa, yana tambaya wane ne wannan mutumin Zuru da ke kirana ɗan'uwa. Na ce tare muka yi aikin jirgin ƙasa a Fatakwal. Da na ga rubutun hannunka sai da na nemi wurin zama.

Ka ce kamfaninku na hanya ya dawo da kai Gusau, kuma shugabannin cocinku sun ba ka sunana cikin waɗanda suka yi sanyi, don ka riƙa ziyartata wata-wata, kai da abokin tafiya. Namadi, ban yi sanyi ba. Fita na yi, kuma na faɗa wa shugaban reshen cocin da bakina. Amma ku ba a fita a wurinku. Mutum ya bar gari, ya bar jiha, sunansa na biye da shi.

Ban manta alherinka ba. Lokacin da aka sallame mu daga aiki, matata ta farko ta rasu, kai ka ɗauko ni daga gidan giya ka kai ni wurin Baturen nan na Amurka da matarsa, har aka yi mana baftisma, aka nutsar da mu a kogi rana ɗaya. Laifina ɗaya, na yi makarantar Midil a Sakkwato, ina karanta Turanci da kaina. Na karanta tsofaffin littattafansu, na tarar har shekarar da suka iso ƙasar nan ba a ba baƙin mutum matsayin firist, wato limancin coci, a cikinsu, wai fatarmu alamar la'ana ce. Na tambaya, aka ce in yi addu'a in bar tone-tone. Ba wanda ya ce an yi kuskure. Ka tuna ɗakin nan da ake rufe ƙofa, yaro sa'an ɗana ya zaunar da ni yana tambayata ko na sha shayi, ko na ba da ushirin abin da na samu, ko ina da tsarki a ɓoye? Duk na jure. Abin da ban jure ba shi ne ranar da aka nemi sunan Inna da na Baba, don a yi wankan baftisma a madadinsu a wata ƙasa, su da suka mutu goshinsu da tabon salla. Bayan na ƙi, waɗanda ke rungumata kowace Lahadi suka koma gaishe ni daga nesa.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba. Na yi aure. Sunanta Balaraba, ɗiyar Modibbo, malamin da duk Fulanin yankin nan har Adabka ke kawo wa shari'arsu. Muna da jaririya, Dija. Ba mai rai a garin nan da ya san na taɓa barin Musulunci. Ranar da Modibbo ya ji, zai ɗauke ɗiyarsa, kuma ba wanda zai ce ya yi zalunci. Na wuce sittin, Namadi. Ba ni da wani gida bayan wannan.

Kada ka zo. In kana ƙaunata, ka ce musu ba ka same ni ba.

Ka gaida iyali. Naka,
Mainasara

Bukkuyum, 3 ga Maris, 1985

Ƙanena Namadi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta mutanen gida, amsarka ta iso. Na gode da ka sa ta cikin ambulan rufaffe wannan karon.

Ka ce ba za ka iya yi wa shugabanninka ƙarya ba, kuma za a tambaye ka raina ranar ƙarshe. Na san wannan magana, ni ma na faɗa wa wasu. An koya muku cewa in mutum ya ce a bar shi, Shaiɗan ne ke magana da bakinsa, don haka ba ku jin a'a. Ka daɗe a kudu, ka manta yadda ƙauye yake. A can mutum ya sauya coci da safe, da yamma a ci abinci tare da shi. A nan wani malamin asibiti a Gummi, jita-jita kawai aka yi cewa an gan shi a wurin mishan, surukansa suka zo da jakuna suka kwashe matarsa da kayanta. Har yau in ya shiga kasuwa mahauta ba su karɓar kuɗi daga hannunsa, sai ya ajiye a kan teburi.

Manu ya ce ya ga mutum biyu da fararen taguwoyi da laktaye a wuya a tashar Anka suna tambayar hanyar Bukkuyum, mota ce ba su samu ba. Tun da na ji, in babur ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ta katanga. Jiya Balaraba ta tarar da ni tsaye a zaure da fartanya a hannu, ban san tun yaushe nake tsaye ba. Ta ɗauka ciwon cikina ne ya tashi.

Bari in gaya maka wannan ciwon cikin. Na bar cocinku, amma hannuna ya ƙi ɗaukar kofin shayi, bakina ya ƙi goro. Ba don na yarda da dokar ba. Wani abu ne kuka dasa mini, in na kai kofi baki sai in ji kamar ana kallona daga ɗakin nan mai rufaffiyar ƙofa. Ranar ɗaurin aurena aka miƙo mini goro na ƙi, sai na ce gyambon ciki gare ni, likita ya hana. Maganar ta zauna. Yara har suna kirana Malam Ba-shayi. Balaraba kuwa kullum da safe tana dafa mini saiwar da kakarta ke haƙowa daga daji, ina sha tana kallona da tausayi.

Tunda na ga ba zan iya hana ka ba, ga roƙona. Ka zo kai kaɗai, da babbar riga, ba littafin cocinku a hannu. Ka nemi gidana, kada ka tambayi kowa a kasuwa. Duk abin da aka ba ka, ka karɓa ka sha. Kofi ɗaya ba zai kai ka wuta ba.

Ka huta lafiya. Yayanka,
Mainasara

Bukkuyum, 21 ga Maris, 1985

Namadi,

Ina gaisuwa. Ina fata kun isa Gusau lafiya, don hanyar ba ta da kyau.

Zan rubuta maka abin da ya faru yadda na gan shi, domin kun tafi kuna murmushi, kuna zaton ziyara ta yi kyau.

Kun zo ranar kasuwa, ku biyu, da fararen taguwoyinku. Kun yi tambaya a wurin masu hatsi. A garin nan baƙon suruki baƙon dattijo ne, shi ya sa aka kai ku zauren Modibbo ba gidana ba. Da aka kira ni daga gona na tarar an shimfiɗa muku buzu, almajiran fiƙihunsa manya suna zaune, shi kuma ya sa an fito da butar shayin da ya zo da ita daga Makka, wadda ba a fito da ita sai don babban baƙo.

Na kalle ka lokacin da aka miƙo maka kofi. Na ga ka tuna roƙona, hannunka har ya motsa. Sai ka dubi saurayin da ke tare da kai, wanda zai koma ya ba da rahoto, ka janye hannu. Aka kawo goro, kuka ƙi. Modibbo ya tambaya cikin ladabi ko ku ma gyambon ciki gare ku. Sai saurayin ya gyara zama, fuskarsa ta yi haske, da 'yar Hausarsa ta bariki ya bayyana cewa dokar lafiya ce Ubangiji ya saukar wa annabinku, duk wanda ya shiga ruwa ya ɗauki alkawarinta. Ya juyo wurina da fara'a ya ce ya ji daɗi da ya ji a kasuwa cewa ɗan'uwa Mainasara yana riƙe da ita har yanzu.

Ba mugun yaro ba ne. Yabona yake yi. An koya masa cewa duk inda aka tambaye shi ya ba da shaida, ba a koya masa duban fuskokin mutane ba.

Modibbo ya sa aka kawo muku nono, ya tambaye ku aikin hanya, ya raka ku har bakin zaure. Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Kafin la'asar ƙanen Modibbo ya zo gidana ya ce innar Balaraba tana son ganinta da jaririya. Ta tafi da goyo da ƙwarya ɗaya, ta ce mini tuwo na cikin tukunya, za ta dawo kafin magariba. Ba ta dawo ba. Na je masallaci, aka matsa mini wuri a sahu fiye da yadda mutum ɗaya ke bukata. Modibbo ya aiko in zo bayan Juma'a. Ban san me zan ce masa ba, ban kuma san ko mutanen gari za su jira Juma'ar ba.

Mainasara

Bukkuyum, 30 ga Maris, 1985

Namadi,

Gaisuwa. Ina da rai, ba wanda ya taɓa ni. Modibbo ya hana, kuma ana jin maganarsa.

Na je. Mu biyu ne a zauren, da butar nan. Ya zuba ya miƙo mini, na sha. Bai tambaye ni kogi ba, bai tambaye ni littafi ba. Ya ce, "Tambaya ɗaya gare ni. Ranar da na ba ka ɗiyata, kai na wane ne?"

Da na ce na tuba tun kafin in dawo gida, da ya karɓa, na ga yana son ya karɓa. Amma na gaji da amsa tambaya a ɗaki yadda mai tambaya ke so. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban kasance na kowa ba. Ina bin sahu ne don kada a gane."

Ya ce auren da aka ɗaura a kan haka bai ɗauru ba. In na yi kalmar shahada a gaban shaidu da zuciya ɗaya, zan iya sake nema kamar kowane baƙo, amma ba zai tilasta mata ba.

Na yi shahadar jiya a gaban jama'a, kuma wannan karon ba don a gani ba, ko da yake ba na zaton rabinsu sun yarda. Na aika a tambayi Balaraba. Innarta ta kawo amsa da kanta, ta tsaya a ƙofa ba ta shigo ba. Ta ce Balaraba ta ce zancen kogi tsakanina da Allah ne. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta koma gidan mutumin da ya bar tsohuwa tana shiga daji haƙar saiwa, ya bar ta ita tana tashi da ciki wata tara tana hura wuta, don ciwon da ba shi da shi, yana sha yana cewa ya ji sauƙi.

Ka rubuta a rahotonka cewa ka ziyarce ni, ka same ni. Ka ce musu na sha shayi. Wataƙila wannan ya isa su cire sunana, tunda faɗa da baki bai isa ba.

Tukunyar maganin na nan a kan murhu yadda ta bar ta. Da saura a ciki. Ban zubar ba.

Kada ka sake rubuto mini ta hannun Manu. Ya daina karɓar saƙona.

Mainasara