Muryar Senyo Ta Ƙi Fitowa a Waya

Daavi Sefakor, ki taimake ni don Allah, na rasa inda zan sa kaina. Mijina Senyo malamin firamare ne a nan garin Ho. Ya yi shekara shida yana gina wani shafin intanet na tatsuniyoyin ƙabilar Ewe: yaro ya taɓa hoton kunkuru ko gizo, sai muryar Senyo ta fito tana ba da labari. Da wata manhaja mai suna Flash ya yi shi. Ya rasu 'yarmu Enyonam tana da wata tara.

Bayan biso dangi suka raba kayansa kamar yadda aka saba. Kwamfutar ta faɗa hannun ƙaninsa, ya goge komai a ranar, har da asalin muryar da Senyo ya naɗa, don ya riƙa buga katin biki. Ban hana ba, Daavi, ina cikin baƙaƙen kayan takaba, wa ya ba ni baki? Na ce ai shafin yana nan.

Yana nan kuwa, amma waya ba ta buɗe shi. Wani akwati mai toka-toka kawai take nuna mini, wai in saka abin da ba a yi wa waya ba. Na canza waya har uku, sakarya da ni. Kwamfuta ɗaya ta rage a garin nan mai buɗe shi, wata tsohuwa a shagon intanet na Efo Mawuko. Duk Asabar nake kai Enyonam ta ji babanta, ta riƙa amsa masa. Yanzu Efo ya ce ƙarshen wata zai mayar da shagon wurin sayar da kifin sanyi. Ni ko ganin ƙanin mijin nan ba na son yi. Na gaji.

Maman Enyonam, Ho

'Yar'uwata, ba zan yaudare ki ba: wayarki ba za ta buɗe shi ba, ta huɗu ma haka. Masu ƙera waya sun daɗe da juya wa Flash baya, suna da hujjarsu ta batir da tsaro, ko da yake hujjar ba ta share miki hawaye. Ƙanin mijinki ya yi garaje, amma gadonsa aka ba shi, bai san abin da ke ciki ba. Fushi da shi ba zai dawo da komai ba.

An ce akwai masu dabarar farfaɗo da irin waɗannan shafuka. Ki tambaya, amma kada ki jira su. Gobe ki je wurin Efo, ki roƙe shi ya kashe fanka, ki kanga wayarki a bakin sifika, ki naɗi labaran ɗaya bayan ɗaya. Muryar za ta fito da shaƙewa, kunkurun ba zai ƙara motsi ba, wataƙila ma wata ya ƙare ba ki gama ba. Don haka ki fara da wanda Enyonam ta fi amsa masa.

Allah ya ba ki juriya, ya raya miki ita.

Daavi Sefakor