Na Zama Kayan Binciken Hadiza

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Yaya sanyin Jos?

Hannuna da ya shanye ya fara motsi, alhamdu lillahi, amma na zama kayan bincike. 'Yarka Hadiza ta ƙera inji mai lanƙwasa yatsu don digirinta na uku, kullum sai ta ɗaura mini. Robar da ta lulluɓe shi da ita ƙaiƙayi gare ta, kuma an hana ni susa.

Ka san mutanenmu, kowa ya zo dubiya da maganinsa. Duk ta ƙwace. Malam Bukar ya kawo wanzami a yi mini ƙaho, ta tare su a zaure: "Baba, in ya warke, wa zan ce ya warkar da shi?" Majalisar Ƙofar Mazugal ma ta hana ni zuwa, wai za su ba ni jiƙo.

In na bijire, wahalarta ta tashi a banza. Kai kaɗai take jin nauyi. Roƙar mini ita ta riƙa sakina ran Juma'a, ko goro ba zan karɓa ba.

A sa mu a addu'a. Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Habibu